Tsarin Gabaci Wajen Cika Guraben Tarayya a Harsunan Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanta nahawu ya san cewa jeranta kalmomi ba abin wasa ba ne. "Audu ya kira Bala" daban, "Bala ya kira Audu" daban, alhali kuwa kalmomin ba su canja ba. Harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su sun fi harshen ɗan'adam tsanani ta wannan fuska, domin ita kwamfuta ba ta da hankalin da za ta gano nufin marubuci idan ya saɓa da abin da hannunsa ya rubuta. A wannan babi za a yi bayanin wata matsala ta gabaci wadda ta daɗe tana wahalar da masu rubuta manhaja, wato sanin gurbin da ake fara cikawa daga cikin guraben tarayya a lokacin da manhaja take tashi. Za a fi mai da hankali a kan harsuna biyu, Java da C++, domin su ne suka bi hanyoyi biyu mabambanta a fili.

Ya kamata a yi wa kalma ɗaya iyaka tun daga farko. Malamai sun saba jin "manhaja" da ma'anar tsarin darussan da aka shata wa makaranta. A nan kuwa tana nufin jerin umarnin da aka rubuta domin kwamfuta ta aiwatar, kamar yadda kafofin yaɗa labarai na Hausa suke amfani da ita yanzu.

2.0 Aji, Ɗan Aji da Gurbi

Akwai wani salon rubuta manhaja da ake ginawa a kan abubuwa, wato a ɗauki kowane abu da ake son wakilta, kamar ɗalibi ko mota ko asusun banki, a tattara bayanansa da ayyukansa wuri guda. Wannan salo ya samo asali ne daga birnin Oslo na ƙasar Norwe, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da harshen Simula 67 a shekarar 1967. Daga can ne Bjarne Stroustrup, ɗan ƙasar Denmak, ya ɗauko tunanin ya ɗora shi a kan harshen C a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka. Ya fara aikin a 1979, aka raɗa wa harshen suna C++ a 1983. Shi kuwa Java, James Gosling ne da abokan aikinsa suka ƙirƙire shi a kamfanin Sun Microsystems, ya fito a 1995.

A wannan salo, aji shi ne siffar da ta haɗa abubuwa iri ɗaya, kamar yadda ajin suna a nahawu ya haɗa "doki" da "gida" da "Kande". Kowane abu guda da aka samar bisa wannan siffa shi ne ɗan aji. Gurbi kuma wuri ne mai suna a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake ajiye ƙima a ciki, ko lamba ko rubutu ko wani abu daban.

Gurabe iri biyu ne. Alal misali, a ajin da aka kira Ɗalibi, kowane ɗan aji yana da nasa gurbin suna da na lambar rajista, domin na wani ba na wani ba ne. Amma sunan kwaleji ko jimillar ɗaliban da aka ɗauka ba na mutum ɗaya ba ne, na ajin ne baki ɗaya, saboda haka gurbi ɗaya ake keɓe masa kowa ya riƙa dubawa. Wannan shi ne gurbin tarayya, kuma a Java da C++ ana gane shi a cikin aji da kalmar static da ake rubutawa a gabansa. Misalinsa kamar allon bango ne a ɗakin karatu: kowane ɗalibi da littafinsa, amma allo ɗaya ne. Littafi yana zuwa ne tare da mai shi, don haka ba a tambayar yaushe aka buɗe shi. Allo kuwa yana nan tun kafin kowa ya shigo, shi ya sa tambaya take tasowa game da wanda ya fara rubutu a kansa, da lokacin da ya yi, da kuma ko wani ya riga ya kwafi abin da ke kai tun ba a rubuta komai ba.

3.0 Ma'anar Cikon Farko

Cikon farko shi ne zuba wa gurbi ƙimarsa ta fari kafin a soma amfani da shi. A harsunan nan biyu, mataki biyu ake bi ga gurbin tarayya. Da farko ana keɓe wurin a share shi, wato a sa masa sifiri idan na lamba ne, ko alamar "babu" idan na nuni ne zuwa ga wani abu. Bayan haka ne ake aiwatar da lissafin da marubuci ya rubuta, a zuba sakamakon a ciki.

Tsakanin waɗannan matakai biyu ne haɗarin yake. Gurbin da aka share amma ba a cika ba, ba ya da wata alama da ke nuna cewa bai shirya ba. Duk wanda ya tambaye shi zai ba shi sifiri, sifiri kuwa lamba ce ingantacciya da ake tarawa a ninka kamar kowace lamba. Wato ke nan manhaja tana iya riga malam masallaci, ta karanta gurbi tun ba a cika shi ba, ta ci gaba da aikinta ba tare da ko gezau ba. Kuskuren da ya tsai da kwamfuta nan take ya fi irin wannan sauƙi nesa ba kusa ba, domin shi ya bayyana kansa.

4.0 Hanyar Java

Java ba ya cika guraben tarayyar dukkan azuzuwa a lokacin tashi. Yana barin kowane aji ne har sai an buƙace shi. Littafin dokokin harshen, wanda Gosling da Bill Joy da Guy Steele suka fara wallafawa a 1996, ya fayyace abubuwan da ke tada aji a babi na 12: idan an samar da ɗan aji daga gare shi, ko an kira wani aikinsa na tarayya, ko an zuba ƙima a gurbinsa na tarayya, ko an karanta wani gurbin nasa wanda ba kafaffe ba. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya faru a karon farko, sai a dakatar da komai a cika guraben ajin, kuma sau ɗaya tak ake yin haka.

Idan ajin ya gaji wani aji, to ana fara tada wanda aka gada, kamar yadda uba ke riga ɗa. Bayan haka sai a bi guraben ajin daga sama zuwa ƙasa, daidai yadda suke jere a rubuce. Sai an gama da guraben tarayya na uba da na ɗa kafin a taɓa guraben ɗan aji guda, inda nan ma uba ne a gaba.

Dokar tana da sauƙin haddacewa, amma ga yadda take kama mutum:

class Jarrabawa {
    static int makinCi = lissafa();
    static int cikakkenMaki = 100;
    static int lissafa() {
        return cikakkenMaki * 40 / 100;
    }
}

Nufin marubuci a bayyane yake. Cikakken maki 100 ne, makin cin jarrabawa kuma kashi 40 cikin ɗari na cikakken maki, wato 40. Amma Java daga sama yake farawa. Ya zo layin farko, ya ga ana son sakamakon aikin lissafa, ya shiga aikin, ya tarar ana tambayar cikakkenMaki. A wannan lokaci bai kai layi na biyu ba tukuna, don haka abin da ke cikin gurbin sifiri ne. Sifiri sau 40 a raba 100 sifiri ne. Sai ya zuba sifiri a makinCi, sannan ya sauko ya sa 100 a cikakkenMaki. Duk wanda ya duba cikakkenMaki daga baya zai ga 100 lafiya lau, ba zai zargi komai ba. Amma makin ci ya zauna a kan sifiri, ma'ana kowane ɗalibi ya ci jarrabawa, har wanda ya miƙa takarda fara fat.

Tafintan Java, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da na'ura ke fahimta, yana ƙoƙarin tare irin wannan. Da marubuci ya ambaci cikakkenMaki kai tsaye a layin farko, da tafinta ya ƙi karɓa, ya ce an yi nuni ga abin da ke gaba ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai ba ya bin sawu zuwa cikin ayyuka, saboda haka da aka bi ta cikin lissafa sai kuskuren ya sulale. Gyaran kuwa ba wuya: a musanya layukan biyu, amsa ta koma 40.

Akwai wata hanyar gyara da ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana ruɗar masu koyo. Idan aka ƙara kalmar final a layi na biyu, wato aka ce ƙimar ba za ta taɓa canjawa ba, to amsa za ta zama 40 ko da ba a musanya layukan ba. Dalili shi ne gurbin ya zama kafaffe: tafinta ya san ƙimarsa tun lokacin fassara, don haka ana zuba ta kafin kowane lissafi, kuma karanta ta daga wani aji ba ya ma tada ajin da ke ɗauke da ita. Amma kalmar final ita kaɗai ba ta isa ba. Dole ƙimar ta zama wadda tafinta zai iya ganewa da kansa, kamar 100 ko 50 + 50. Idan daga baya wani ya gyara layin ya ce a karanto cikakken maki daga wani fayil, gurbin ya tashi daga kafaffe ko da final tana nan, sifirin nan kuma ya dawo. Joshua Bloch da Neal Gafter sun kawo tarkuna masu kama da wannan a littafinsu Java Puzzlers na 2005, abin da ke nuna cewa ba sabon shiga kaɗai suke kamawa ba.

4.1 Idan Azuzuwa Biyu Suka Dogara da Juna

Matsalar tana ƙara zurfi idan dogaron ya zama zagaye. A dubi wannan:

class Gero { static int farashi = Dawa.farashi + 10; }
class Dawa { static int farashi = Gero.farashi + 10; }

Mai gero ya ce farashinsa na dawa ne da ƙarin 10, mai dawa ma ya ce nasa na gero ne da ƙarin 10. A hankalce wannan ba shi da amsa, amma Java zai ba da amsa. Idan Gero aka fara taɓawa, sai a soma cika shi, a ga yana buƙatar Dawa, a koma cika Dawa, a ga shi ma yana buƙatar Gero. Tun da an riga an soma Gero, doka ta ce kada a sake somawa, a karanta abin da ke ciki kawai, wato sifiri. Dawa ya zama 10, Gero ya zama 20. Idan kuwa Dawa aka fara taɓawa, sai abin ya juye, Gero 10, Dawa 20. Rubutu ɗaya, sakamako biyu, kuma abin da ya raba su yana can wani sashe na manhajar da wataƙila ba shi da alaƙa da farashi ko kaɗan.

Har ila yau, manhajojin zamani sukan gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, kowane aiki a kan nasa zare. Idan zare ɗaya ya soma tada Gero daidai lokacin da wani ya soma tada Dawa, kowannensu zai tsaya jiran ɗan'uwansa ya gama, su yi ta jira har abada, manhaja ta sandare ba tare da saƙon kuskure ba. Irin wannan yana iya faruwa sau ɗaya cikin tashi masu yawan gaske, shi ya sa gano shi ke da wuya.

Wani abin lura kuma shi ne abin da ke biyo baya idan lissafin cikon farko ya faɗi. A karon farko Java zai ba da saƙon ExceptionInInitializerError, wanda ke ɗauke da ainihin dalilin. Daga nan sai ya yi wa ajin tambarin lalacewa, duk wanda ya sake neman sa ya sami NoClassDefFoundError, saƙon da a zahirinsa ke cewa ba a sami ajin ba. Wanda bai ga saƙon farko ba sai ya ɓata lokaci yana neman fayil ɗin da bai ɓata ba.

5.0 Hanyar C++

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, wannan matsala ba ta tasowa. Dokarsa ta ce duk gurbin da zai rayu tsawon rayuwar manhaja, dole ƙimarsa ta farko ta zama kafaffiya. Ba lissafi, ba kiran aiki, saboda haka ba maganar wanda ya riga wani. Da C++ ya zo da azuzuwa sai ya zo da magini, wato aiki na musamman da ke shirya ɗan aji a lokacin samar da shi. Idan ɗan aji ya zama na tarayya, dole magininsa ya yi aiki, kuma galibi kafin manhaja ta shiga main, wato ƙofar da aikinta ke farawa. Haɗuwar magini da gurbin tarayya ita ce ta haifi rikicin.

A cikin fayil guda babu ruɗani, ana bin jerin rubutu daga sama zuwa ƙasa kamar Java. Amma babbar manhaja takan ƙunshi ɗaruruwan fayiloli, tafinta yana fassara kowanne shi kaɗai ba tare da ganin sauran ba, sannan wata manhaja ta daban ta ɗinke su wuri guda. Daidaitacciyar dokar C++, wadda hukumar ISO ta fara fitarwa a 1998, ba ta faɗi fayil ɗin da za a fara da shi ba. A aikace abin yakan danganta da jerin da aka miƙa fayilolin wajen ɗinki, wanda kan iya canjawa idan aka ƙara sabon fayil ko aka sauya tafinta.

A ɗauka cewa fayil na ɗaya yana ɗauke da rajistar darussa, wadda abu ne na tarayya, fayil na biyu kuma yana da wani abu na tarayya da magininsa ke shigar da darasin Hausa cikin rajistar. Idan an fara da fayil na ɗaya, komai lafiya. Idan an fara da na biyu, za a yi rubutu a cikin rajistar da ba a gina ba tukuna. A nan C++ ya fi Java tsauri, domin dokarsa ta ce sakamakon irin wannan ba shi da tabbas ko kaɗan. Manhaja tana iya faɗuwa tun kafin ta buɗe, tana kuma iya karɓar rubutun, sannan maginin rajista ya zo daga baya ya share shi, darasin Hausa ya ɓace ba a san inda ya shiga ba. Manhajar da ta shekara tana aiki lami lafiya tana iya wayar gari ta ƙi tashi, alhali ba a taɓa ko layi ɗaya na waɗannan fayiloli biyu ba.

Ba sakaci ne ya sa aka bar abin haka ba. Tafintan da ke ganin fayil ɗaya kawai ba shi da hanyar sanin wa ya dogara da wa, kuma masu tsara C++ suna ƙin ɗora wa kowace manhaja nauyin binciken da ba ta nema ba. Uzuri ne mai ƙarfi, amma ya mai da nauyin kacokan a wuyan marubuci.

5.1 Magungunan da Aka Samo

Maganin da ya fi shahara shi ne a ɗauke abin daga fili a ɓoye shi cikin aiki:

Rajista& rajista() {
    static Rajista r;
    return r;
}

Dokar harshen ta ce gurbin static da ke cikin aiki ba a gina shi sai ranar da aka fara kiran aikin. Saboda haka duk wanda ya fara neman rajista, shi ne zai sa a gina ta, ko daga wane fayil ya fito. Ana danganta yaɗuwar wannan dabara ga Scott Meyers, marubucin littafin Effective C++. In an lura, dabarar ta yi kama da hanyar Java ta jinkirta ciko har sai an buƙata, sai dai a nan marubuci ne ke yi da hannunsa. A da tana da rauni guda, wato zare biyu na iya shiga aikin tare su gina abu sau biyu, amma dokar 2011 ta toshe wannan ƙofa, ta wajabta cewa ɗaya ya gina, ɗayan ya jira.

Tun kafin wannan, Jerry Schwarz, wanda ya yi aiki a kan sashen shigarwa da fitar da rubutu na C++, ya yi amfani da dabarar ƙirge: kowane fayil da ke buƙatar sashen yana ɗauke da wani ɗan abu da ke ƙara ɗaya a ƙirge, wanda ya tarar da ƙirgen a sifiri shi ne zai yi ginin. Dokar 2020 kuma ta kawo kalmar constinit, wadda ke umartar tafinta ya ƙi fassara muddin ƙimar gurbin ba za ta samu ba tun lokacin fassara. Wannan komawa ce ga tsohuwar ƙa'idar C, amma bisa zaɓi.

Rikicin yana da wutsiya. Idan manhaja ta zo rufewa, C++ yana rushe abubuwan tarayya ne a juye, na ƙarshen gini shi ne na farkon rushewa. Abin da bai rushe ba tukuna yana iya neman wanda ya riga ya rushe. Shi ya sa wasu marubuta suke gina irin waɗannan abubuwa ta yadda ba za a taɓa rushe su ba, su bar wa kwamfuta ta kwashe wurin bayan manhaja ta rufe.

6.0 Abin da Harsunan Baya Suka Koya

Harshen Go, wanda kamfanin Google ya bayyana a 2009, ya ɗora wa tafinta aikin bin sawu. Yana duba wane gurbi ya dogara da wane, har ta cikin ayyuka, sannan ya jera su da kansa. Da a Go aka rubuta misalin jarrabawa, da amsa ta fito 40 ko ta yaya aka jera layukan, misalin gero da dawa kuwa da tafinta ya ƙi shi ɗungurungum. Harshen Rust, wanda fitowarsa ta farko tabbatacciya ta kasance a 2015, ya ce ƙimar gurbin tarayya dole ta samu tun lokacin fassara, wanda ke son lissafi na daga baya sai ya nemi jinkirin a fili.

7.0 Koyar da Batun a Aji

Malamin da zai koyar da wannan batu ba ya buƙatar kwamfuta a darasin farko, allo ya isa. Sai ya rubuta misalin jarrabawa a gefe guda, a ɗaya gefen ya zana akwati biyu, ɗaya makinCi ɗaya cikakkenMaki, ya sa sifiri a kowanne. Wannan sifirin farko shi ne abin da ɗalibai suka fi mantawa, don haka kada a tsallake shi. Daga nan ɗalibi ɗaya ya tsaya a matsayin kwamfuta, da sharaɗin ba zai dubi layin da bai kai ba, ba kuma zai yi amfani da wata lamba ba sai wadda ke cikin akwati a wannan lokaci. Kafin ya fara, kowa ya rubuta amsar da yake zato a littafinsa. Akasari za su rubuta 40, domin idon mutum yakan karanta shafi gaba ɗaya. Bayan sifiri ya fito a akwatin makinCi, sai malami ya goge layukan biyu ya musanya su, ya mai da akwatunan sifiri, ya kira wani ɗalibin ya sake bi daga sama.